Kwarin Kaka a Maiwurno: Yadda Maiɗakina Ta Koyi Harbi da Baka

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe a ƙasar waje ya san wani irin shiru da kan shiga gida. Ba faɗa, ba gaba. Abinci yana sauka a kan lokaci, kuɗin cefane yana fita, amma in ka cire maganar kuɗin makarantar yara da gas ɗin girki, babu sauran abin da miji da mata za su ce wa juna. Haka gidana ya koma a Umdurman bayan shekara 11 da aure. Ina fita shagona a Suk Libya da sassafe, in dawo bayan isha'i, in ci kisra da miya waya na hannu, ina lissafin lafaya da humra da turaren wutan da na tura Kano. Ita kuma tana gefe da tata wayar.

Ni mutumin Katsina ne, daga wani ƙauye a bakin dajin Rugu. Mahaifina maharbi ne, kakana kuwa shi ya riƙe sarautar Sarkin Baka ta ƙauyenmu har Allah ya yi masa rasuwa. Na tashi ina rataye wa Baba kwari in bi shi daji. Da kasuwanci ya kai ni Sudan a 2005, cikin dilar atamfa na cusa bakana na tafi da shi. Duk Juma'a bayan la'asar nakan fita bayan gari, in kafa buhun ƙaiƙayi in yi ta harbi har rana ta yi ja. Wannan sa'a ɗaya ita ce hutuna a mako.

Maiɗakina Bahausa ce haifaffiyar Umdurman, iyayenta mutanen Maiwurno ne da ke gaɓar Shuɗin Nilu. Na daɗe ina tunanin da za ta riƙa bina wurin harbin nan, da mun sami abin da ya haɗa mu ban da lissafi. Na gwada, kuma na ɓata abin da hannuna.

Kurakuraina uku

Na farko, da wa'azi na fara. Na zaunar da ita na kawo mata abin da malamai ke faɗa, cewa harbi da baka da wasa da iyali suna cikin wasannin da addini bai ɗauke su wasan banza ba. Ta saurara har na gama, ta ce, “Allah ya ƙara sani, Alhaji,” ta tashi ta shiga kicin.

Na biyu, ranar da ta yarda ta biyo ni, nawa bakan na miƙa mata, bakan da ƙato ma sai ya cije yake jansa. Ta ja da ƙyar ta saki, tsarkiya ta zabge ta a hannu, wurin ya yi shati ya kumbura, ga shi ranar ta sha lalle za ta biki washegari.

Na uku shi ne mafi muni: na yi dariya. Ta ajiye bakan a ƙasa a hankali, ta ce, “Alhaji, ka ji da kayanka. Ni ba 'yar maharba ba ce.” Shekara huɗu ba mu sake ɗaga maganar ba.

Hanyar Madani

A watan Janairun 2020 aka sa bikin 'yar kawunta a Maiwurno. Na ce zan raka ta, in kuma leƙa farashin riɗi a Sinnar, ka san ɗan kasuwa ba ya tafiya da niyya ɗaya. Muka bar yara wurin yayarta, muka hau bas a tashar Mina al-Barri da ke Kartum, muka ɗauki titin da ke bin kogi ya yi kudu.

Da ka wuce Kamlin sai ƙasa ta shimfiɗe kamar tabarma, ba tudu ba kwari. Wannan ita ce Jazira, ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Turawan Ingila suka gina madatsar ruwa a Sinnar, aka gama ta a 1925, suka yanka magudanan ruwa cikin wannan fili don noman audugar da masaƙunsu ke buƙata. Abin mamakin shi ne ruwan da kansa yake gangarawa, don ƙasar ta ɗan karkata zuwa arewa, ba sai an tura shi da inji ba. Aikin ya faɗaɗa har ya haura fadan miliyan 2. Lokacin da muka bi ta nan sanyi ne, alkama ta yi kore shar, auduga ta fashe fari fat.

Hannun da ya tsinci audugar nan, da yawa namu ne. Alhazan ƙafa daga Kano da Sakkwato da Borno da Damagaram sukan tsaya a Jazira su yi ƙwadago su tara guzirin Makka. Wani ya yi shekara biyu ya wuce, wani ya yi goma, wani kuma jikokinsa ne ke nan har yau. Larabawan Sudan sukan haɗa mu duka, Hausawa da Fulani da Barebari, su ce Fallata ko Takarir. Mai gonar haya, wadda suke kira hawasha, yana zaune a ƙauye. Leburori kuwa a kambo suke, wato 'yan unguwannin ɗakunan laka da kara a bakin magudanar ruwa, mafi yawansu ba takardar fili, ba famfo, ba wutar lantarki.

Mun sauka kusa da Hasahisa don in gaida wani abokin cinikina da ke zaune a irin wannan kambo. Aka kawo mana godogodo mai sanyi a kwanon sha, ga gero ga nono, ka rantse a Daura kake. Muna cikin sha sai na hango yara uku a kan gaɓar magudana, kowa da ɗan bakansa na reshe da igiyar buhu, suna sanɗar kurciya. Raina ya yi fari. Na kira ɗaya na karɓi nasa ina dubawa, na juya in nuna wa maiɗakina, sai na ga ta shige ɗakin mata.

Da muka koma mota ta daɗe tana kallon taga, sannan ta ce, “Ka ga abin da ake mana gori da shi.” Na ce wane gori? Ba ta amsa ba. Muka ci agashe a Wad Madani, wato tsiren da Hausawa suka koya wa Sudan har sunan ya zauna a bakin kowa, muka wuce Haj Abdalla da Wad al-Haddad, muka isa Sinnar da yamma. Daga nan ƙaramar mota ta kai mu Maiwurno, tafiyar kamar kilomita 15 kudu da garin.

Garin da aka kafa da ƙafa

Wanda bai san tarihin Maiwurno ba zai ɗauka gari ne kamar kowane a bakin kogi: gonakin ayaba da mangwaro, masunta da kwale-kwalensu, almajirai da alluna a makarantun da nan ake kira khalwa. Sai ka kasa kunne ka ji mutum ya fara magana da Fulatanci, ya ratsa da Hausa, ya rufe da Larabci, duk a numfashi guda.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi hijira gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi. Aka tare su a Burmi, a ƙasar Gombe ta yau, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903. Turawa da bindiga mai ruwa, mutanenmu mafi yawa da takobi da mashi da kwari da baka. Duk da haka, Manjo Marsh da ya jagoranci harin, kibiya mai dafi ce ta kashe shi. Ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya, har suka iso Shuɗin Nilu wajen 1906. Sun fara zama a kusa da Shaikh Talha kafin su kafa garin da ya ɗauki sunansa, kuma zuriyarsa ke riƙe da sarautar garin.

Na san wannan tun daga gida, kamar yadda muka san labarin Tabkin Kwatto na 1804, inda jama'ar Shehu da 'yan dawakai ƙalilan suka kori rundunar Yunfa Sarkin Gobir da ƙarfin 'yan baka. Amma sanin littafi daban, shiga ɗakin da abin yake rataye daban.

Kwarin da ke bango

Gidan Kawu babban gida ne, da rumfar kara a tsakiya wadda suke kira rakuba. A nan kakar maiɗakina take wuni a kan angarib, gadon igiya na Sudan. Kowa Habboba yake ce mata. Lokacin ta haura shekara 80, idonta ya yi rauni amma kanta garau. Bayan an gama hidimar biki da kwana biyu, muna zaune ana soya gahawa da citta ana zubawa daga jabana, sai idona ya faɗa kan wani kwari a bangon ɗakin Kawu. Fatar ta yi baƙi ƙirin don tsufa, ba kibiya ko ɗaya a ciki. Jinin maharba ya motsa, na ce, “Kawu, wannan na wa?”

Habboba ce ta amsa, da Hausarta ta Sakkwatawan dauri: “Wanga kwari na uwata na.”

Ta ce mahaifiyarta tana 'yar shekara takwas aka yi Burmi. Ubanta ɗan baka ne, yana da kwari biyu, ya rataya ɗaya ya ba ɗiyarsa ɗaya ta riƙe masa a cikin gari. Bai dawo ya karɓa ba. Da aka watse, yarinya ta bi ayari da kwarin a kafaɗa. Manya suka ce ta yar, nauyi ne, ta ƙi. Kibiyoyin maza suka karɓe a hanya don farauta da tsaro, ita kuma ta riƙa zuba gero a ciki, wani lokaci allura da zare. Haka ta ratso Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan, shekara uku, har bakin wannan kogi. Habboba ta ce har uwarta ta tsufa, in tana ba da labarin sai ta shafa kafaɗarta ta hagu.

Na dubi maiɗakina. Kofin gahawa na hannunta ya huce ba ta sha ba. Ashe ba ta taɓa jin labarin ba, don mahaifiyarta ta bar Maiwurno tun tana amarya, kuma a Umdurman ba a cika tada irin wannan zance ba.

Da dare, muna kwance a tsakar gida cikin gidan sauro, ta yi maganar da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta ce tana firamare 'yan ajinsu sukan kira ta Fallatiya, su ɗaga hannu kamar masu jan baka, su ce a yi hankali kada ta harbe su da nishshab, wato kibiya. Ta ce saboda haka ta daina Hausa a titi, in mahaifiyarta ta yi mata Hausa a kasuwa sai ta amsa da Larabci. “Ranar da ka shigo da bakan nan gidana, Alhaji, hannun yaran nan na gani. Na daure na bi ka don in faranta maka. Sai ka yi dariya.”

Wallahi na rasa bakin magana. Shekara 11 ina kwana ɗaki ɗaya da wannan tabo ban san da shi ba, ni ina can ina zaton tsoron tsarkiya ne. Na ba ta haƙuri, irin haƙurin da ya kamata in bayar tun shekara huɗu baya.

Da safe, ban ce komai ba, ita da kanta ta durƙusa ta gaida Kawu ta ce, “Kawu, ina so in san abin da kakarmu ta ɗauko. A koya mini.”

Makarantar Kawu

Kawu manomi ne, amma da ƙuruciya ya yi gadin dawa daga birai da gyado, kuma ya zauna da Fulani Mbororo masu jajayen shanu dogayen ƙaho da ke ratsa yankin da kwarinsu a kafaɗa. A wurinsu ya ƙware. Ya dube ta ya dubi hannunta, ya ce a ba shi kwana biyu.

Busasshiyar gora ya samo, wadda nan suke kira gana, ya tsaga ya feƙe ta har ta yi laushin da yarinya ma za ta iya ja. Ya ce bakan farauta da itace mai tauri ake yi, kamar ɗunɗu ko dargaza, amma mai koyo ba ya buƙatar ƙarfi, hannu yake buƙata. Ya murɗa tsarkiya da fatar akuya. Kibiyoyi ya yi su da kyauro, ya sa musu kan itace mai dakushi maimakon ƙarfe. Ya yanko fata ya ɗaura mata a hannun hagu, daidai inda tsarkiya ta taɓa zabgarta. Da na ga wannan fatar sai kunya ta kama ni, don na san da ita, Baba ya ɗaura mini irinta ina yaro, amma ban tuna in ɗaura wa matata ba.

Ya jingina buhun ƙaiƙayi da katangar laka a cikin gida, inda ba idon maza, ya auna taku biyar kacal. Na buɗe baki zan ce ai wannan ya yi kusa, sai ya ɗaga mini hannu. “Kai surukina, aikinka ɗaya: tsintar kibiya. In ka yi magana, ka fita.” Mata suka kwashe da dariya, ni kuwa na nemi turmi na zauna.

Koyarwarsa ba ta da yawan magana. Tsaya a karkace, kafaɗar hagu na kallon buhu. Tura da hagu, ja da dama, kada ki bar wa hannu ɗaya aikin. Ɗan lanƙwasa gwiwar hannu waje don tsarkiya ta sami hanya. Kada ki kalli kibiya, kalli inda kike so ta je. In za ki saki, buɗe yatsu kawai, ban da fizga. Ya bayyana mata cewa kibiyarmu ba ta da gashin tsuntsu a gindi kamar ta Turawa da ake gani a talabijin, nauyin kanta ne ke jan ta gaba, shi ya sa ba ta tafiya nesa a miƙe. Don haka maharbin Hausa gwanin sanɗa ne, sai ya matso kusa yake harbi, sauran aikin kuma dafin kwankwani ke ƙarasawa. “Amma dafi,” in ji shi, “ba ya shigowa gidan da yara suke.”

Kibiya shida na farko katanga suka samu. Ta bakwai ta kama gefen buhu ta maƙale. Habboba ba ta gani sosai, amma ta ji ƙarar ta bambanta, sai ta rangaɗa guɗa daga kan angarib. Kawu ya ce, “Harbi a wutsiya ya fi kuskure.” Fuskar maiɗakina a wannan lokaci, rabon da in ga irinta tun muna ango da amarya.

A kwana na uku aka koma taku goma. Muna hutawa sai Kawu ya ce mata, “Ɗiyata, masu yi miki gorin kibiya ba su karanta tarihinsu ba.” Ya ce Misirawan dā ƙasar baka suke kiran Nubiya. Da rundunar Musulmi daga Masar ta kai Dongola a shekarar 652, maharban Nuba ne suka tsayar da ita, har Larabawa suka yi musu laƙabi da rumatul hadaƙ, wato masu harbin ƙwayar ido, aka ƙare da yarjejeniyar sulhu da ta yi ɗaruruwan shekaru tana aiki. “To kin ga, baka gadon kowa ne a ƙasar nan. Su sun manta nasu, mu mun rataye namu a bango.”

Ranar da za mu tafi, da sanyin safiya muka gangara bakin kogi mu biyu, inda ruwa ya janye ya bar farin yashi. Muka kafa ƙwarya a kan tsibin yashi, kowa kibiya goma da ɗan bakan gora. Na samu shida, ta samu uku. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tafiyar da muke yi tare zuwa tsinto kibiyoyi. Taku goma sha biyar zuwa, goma sha biyar dawowa, ba waya a hannu. A cikin wannan 'yar tafiya ta ba ni labarin malamarta ta aji huɗu, ni kuma na gaya mata bashin da ya hana ni barci wata uku, wanda ban taɓa faɗa mata ba.

Da muka koma Umdurman ta gindaya sharaɗi. Za ta riƙa bina duk Juma'a, amma in mun dawo zan kashe waya in zauna a tabarma in soya mata gahawa da hannuna, tun daga ɗanyen ƙwaya har daka. Na ƙona ta sau uku kafin in iya. Ta yi dariya, kuma ta ci bashinta. Kafin shekara ta zagayo ta fara cin nawa a taku goma sha biyar, don ita ba ta gaggawar saki, ni kuwa har yau ina da ita.

Abin da ya biyo baya

Habboba ta rasu a 2021, Allah ya jiƙanta, bai nuna mata abin da ke tafe ba. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu kan ƙasa da sarauta, a Damazin da Rusairis, ya sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Wata da watanni ba mu taɓa baka ba. Ba ka wasa da abu alhali kana jin ana zubar da jini da makamai a garuruwan danginka. Sai da Kawu ya ce mata a waya, wuƙar da ake yanka da ita ita ake fere kabewa da ita, a duba hannu da zuciya, sannan muka koma.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi a Kartum. Muka fita a watan Mayu ta Port Sudan, kowa da jaka ɗaya. Shago ya tafi, kaya sun tafi. Bakan Baba da na gora duka a bayan ƙofa muka bar su, don ba mai hankalin da zai bi shingayen bincike da abu mai kama da makami. A Disambar wannan shekara yaƙin ya ci Wad Madani, a 2024 ya shiga jihar Sinnar. Titin da na ba ku labarinsa, mutane sun bi shi a guje da yara a kafaɗa, kamar yadda kakanninsu suka zo.

Yanzu muna Katsina, kuma ita ce baƙuwa. Wadda aka kira Fallatiya a can, a nan 'yar Sudan ake ce mata, ana dariyar yadda take gauraya Hausa da Larabci. Ni ina fama da tada jari daga tushe, ita tana ɗaki tana jiran wayar dangi da ba ta shiga. Shirun nan na dā ya fara leƙowa. Wata Juma'a bayan la'asar, ina kishingiɗe ina lissafin abin da babu, sai ta tsaya a kaina ta ce, “Alhaji, wai ba a samun gora a garin nan ne?”

Ranar kasuwar ƙauyenmu na je na samo wani tsoho cikin abokan Baba ya ɗaura mana guda biyu. Na fara sanar da mai unguwa, don a halin da yankinmu ke ciki, wanda aka gani da kwari da baka sai a ɗauka ɗan banga ne ko wani abin daban. Buhunmu yana jingine da katangar bayan gida. Babbar 'yarmu ta fara karɓar na uwarta.

Ga ɗan'uwa mai irin niyyata

Ko baka ne, ko dara, ko kiwon tattabaru, ko wani abin da kake ƙauna kake so iyalinka ta shigo ciki, ga abin da na koya da tsada. In ta ƙi, tambayi dalili kafin ka ƙara matsawa, don wataƙila abin da take gani a jikin abin ba shi kake gani ba. Kada ka zama malaminta in akwai wani, miji ba ya iya gyara ba tare da ya nuna ya fi sani ba. A fara da ƙaramin baka da taku biyar, a ɗaura fata a hannu, kibiya marar tsini, katanga a bayan buhu, yara a bayan mai harbi. Kada ka yi dariyar kuskuren farko. In ta shigo naka, kai ma ka shiga nata. In kuma ta fi ka, ka tsinto kibiya ka yi shiru.

Wayar Kawu takan shiga wani lokaci, wani lokaci a yi wata ba labari. Ranar da muka same shi na ƙarshe, bayan gaisuwa da tambayar wanda ya rage da wanda ya tafi, maiɗakina ta ce, “Kawu, kwarin fa?” Ya ce yana nan inda ta bar shi, kuma ya yi wasiyya in ta zo nata ne. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya nuna mana ranar da za mu sake hawa motar Sinnar mu je mu karɓo.